Ɗan sanda ba taubashin mai zanga-zanga ba ne

Wani matashi ɗan Daura ya aiko mini da tambaya, ga ta a taƙaice: "Barista, ina wuni. Rannan mun fita zanga-zangar lumana kan tsadar rayuwa, sai wani ɗan sanda da ke tsaye a bakin titi ya ɗaga gwangwanin barkonon tsohuwa yana dariya, ya ce mu matso a turara mu, wai mu amare ne. Abokan aikinsa suka bushe da dariya. Abin ya tsaya mini a rai. Da na gaya wa kawuna sai ya ce ai mu ma kullum cikin yi wa 'yan sanda ba'a muke a TikTok da Facebook, kuma shi ma ɗan sanda ɗan ƙasa ne, yana da 'yancin faɗin albarkacin bakinsa. Ya ce rashin ladabi ne kawai ke damun yaran yanzu. Shin kawu na da gaskiya? Kuma za a iya kama ni in na yi wa ɗan sanda shaguɓe a intanet?"

Lafiya lau, ƙanena. Ka gaishe mini da kawu, domin akwai gaskiya a cikin maganarsa kuma zan zo kanta. Na shekara fiye da ashirin ina aikin lauya a nan Katsina, mafi yawansa tsakanin caji ofis da kotun majistare, kuma mahaifina, Allah Ya jiƙansa, kakin 'yan doka ya sa a zamanin En'e. Da albashin ɗan sanda aka saya mini allo da littafi. Saboda haka ka san ba da ƙiyayyar masu kaki nake maka wannan bayani ba.

Kafin mu buɗe kundin tsarin mulki, mu fara da abin da muka gada a gida, don Bahaushe ya daɗe da yi wa raha ƙa'ida. Ka san wasan taubasai, tsakanin 'ya'yan wa da 'ya'yan ƙanwa, har da karɓar kuɗin shara in watan cika-ciki ya kama. Ka san wasan Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zage-zagi, da namu mu Katsinawa da Nufawa. In Banufe ya tare ni a kasuwa ya ce ni bawansa ne, dariya zan yi, domin kafin ya rufe baki na mayar masa da wadda ta fi tasa zafi, mu tafa, kowa ya kama gabansa, ba abin da zai same ni. Nan ne ruhin abin yake: ana iya ramawa. Ko inda ba a yi daidai ba, kamar jika da kaka, al'ada ƙaramin ta ba lasisi. Yarinya 'yar shekara biyar za ta kira kakanta mijinta, ta ce ya tsufa ta sake shi, tsoho ya yi ta murmushi. Haka wawan sarki yake faɗin abin da waziri ba zai iya faɗa ba a fada. Haka 'yan kama suke kwaikwayon malamai suna wa'azin tuwo da miya, haka yara a tashe, in azumi ya kai goma, suke kwaikwayon manya ƙofa-ƙofa. Duk waɗannan daga ƙasa suke harbawa sama, kuma na saman yana haƙuri saboda ya san girmansa ba ya raguwa.

In raha ta gangaro daga mai iko zuwa ga wanda ba ya da bakin ramawa, Hausa tana da wasu sunaye da take kiran ta da su: izgili, cin fuska, wulaƙanci. To, yanzu koma bakin titin nan. Da ya ce ku matso a turara ku, me ka ce masa? Na san akwai amsa a bakinka. Wataƙila ka so ka ce, "Yallaɓai, kai ma ai albashinka ba ya kai ka ƙarshen wata." Amma ka dubi gwangwanin da ke hannunsa, ka dubi bindigar na kusa da shi, ka dubi motar da ke fake, ka haɗiye. Wannan haɗiyewar da ka yi ita ce ta tsaya maka a rai, kuma ita ce ke nuna ba wasa aka yi da kai ba.

A doka kuwa, sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin faɗin ra'ayinsa, kuma kawu ya yi daidai da ya ce ɗan sanda ma mutum ne. Sai dai mutane da yawa ba sa karanta sashen har ƙarshe. A ƙaramin sashe na 3 an ce 'yancin ba zai hana a yi dokar da za ta taƙaita bakin masu riƙe da muƙaman gwamnati ba, kuma an ambaci sojoji da 'yan sanda ƙarara. Dalilin a fili yake. Mutumin da ya sa kaki ya tsaya a bakin aiki, da bakin hukuma yake magana. In ya cire kaki ya zauna a majalisar unguwarsu yana shan shayi, ya faɗi ra'ayinsa kan zanga-zanga, wannan tsakaninsa da abokansa ne. A kan titi kuwa, gwamnati ce tsaye a cikin takalmansa. Dokokin aikin 'yan sanda da kansu sun lissafa rashin mutunta jama'a a cikin laifuffukan da ake yi wa jami'i shari'ar cikin gida a kansu, kuma tun 2020 rundunar ta fitar da ƙa'idar da ta taƙaita abin da jami'anta za su iya wallafawa a kafofin sada zumunta. Ke nan ita kanta rundunar ba ta yarda cewa bakin jami'inta sake yake kamar naka ba.

Sannan ka tambayi kanka, me ya kawo shi wurin? Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 83, ta ce in aka sanar da 'yan sanda za a yi taro ko jerin gwano, aikinsu shi ne su tura jami'ai su ba taron kariya. Wanda aka turo ya tsare ka, shi ne ya ɗaga maka makami yana dariya. A wurina na lauya, hannun da ya ɗaga gwangwanin ya fi kalmar "amare" nauyi, don daga nan magana ta fara shiga gonar barazana.

Kai ɗan Daura ne, ya kamata ka san yadda aka yi har wannan haƙƙi ya tabbata, domin labarin ya ratsa ta garinku. A watan Satumba na 2003 jam'iyyar ANPP ta yi gangami a Kano don nuna rashin yarda da zaɓen shekarar. 'Yan sanda suka ce ba a karɓi izini ba, suka watsa taron da barkonon tsohuwa. A cikin waɗanda suka shaƙa har da marigayi Janar Muhammadu Buhari da mataimakinsa a takarar, Chuba Okadigbo, wanda ya rasu kwanaki kaɗan bayan haka. Jam'iyyun adawa suka tafi kotu, lauya Femi Falana ya tsaya musu. Babbar kotun tarayya a 2005, sannan kotun ɗaukaka ƙara a Disambar 2007, suka yanke cewa tilasta wa 'yan ƙasa neman izinin 'yan sanda kafin su taru ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Har yau da wannan hukunci muke tsayawa gaban alƙali. Kuma ina so ka riƙe ɗaya gefen labarin: shi dai Buharin, lokacin da yake mulkin soja, gwamnatinsa ce ta yi Doka ta 4 ta 1984, wadda da ita aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda. Shekara goma sha tara tsakani, mutum ɗaya ya tsaya a ɓangarorin biyu na al'amarin. Ba don in ci zarafin mamaci na kawo wannan ba, Allah Ya gafarta masa. Na kawo ne don duk wanda ke dariya a bayan gwangwani ya san watarana shi ko ɗansa ne zai tsaya a gabansa.

Akwai wani dare da ba na mantawa. An kira ni bayan sallar isha'i cewa an kwashi wasu samari bayan wani jerin gwano, na tafi wani caji ofis da ba zan faɗi sunansa ba. Na tarar da yaro ɗan shekara goma sha tara a bayan kanta, ba riga, an sa shi tsallen kwaɗo, ana ce masa ya rera waƙar da suke yi a titi, in ya yi shiru a ce ai ɗazu muryarsa ta fi ta ladan. Kurata uku suna ta ƙyaƙyata dariya, ɗaya na ɗauka a waya. A kan benci kuwa mahaifin yaron ne zaune, dattijo mai furfura cikin babbar riga, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa yana murza ta, ya kafa ido a ƙasa. Kafin in buɗe baki, wani tsohon saje ya fito daga ciki, ya dube su ya ce, "Ku ba ku da iyaye ne?" Ya karɓe wayar ya sa aka goge, ya miƙa wa yaron rigarsa, ya juya ya ce wa dattijon, "Baba, a yi haƙuri." Ba a mari yaron ba ko sau ɗaya a gabana. Amma na sake haɗuwa da shi bayan wata uku, kuma abin da ya fi yi masa ciwo, in ji shi, ba kwanan sel ba ne, yadda babansa ya kasa ɗaga kai ne. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta san da irin wannan. Ba duka da ƙuna kaɗai ta haramta ba, ta lissafa tozarta mutum, kamar yi masa tsirara, ko yawo da shi a bainar jama'a, ko aske masa kai da ƙarfi, a cikin azabtarwa, kuma hukuncin kan kai ɗaurin shekara 25. Sashe na 34 na kundin tsarin mulki kuma ya kare mutuncin kowa, har wanda ake zargi.

Ban ce kada ɗan sanda ya yi dariya ba. Duk wanda ya bi hanyar Jibiya ko Batsari ko Safana ko Faskari a shekarun nan ya san abin da waɗannan mutane ke gani. Na tsaya wa matan 'yan sanda da aka kawo musu gawar mazajensu daga daji, na bi musu haƙƙin mamaci ofis-ofis har takalmi ya suɗe. Na zauna da jami'ai a shingen bincike na ji irin barkwancin da suke yi a tsakaninsu a kan mutuwa da yunwa da rashin harsashi, wanda in baƙo ya ji sai tsigar jikinsa ta tashi. Da shi suke sauke nauyin ƙirji, kuma ban ga laifinsu ba. Su a junansu taubasai ne, ƙaddara ɗaya ta haɗa su, kowa na iya ramawa. Akwai kuma ɗan sandan da ke kashe wutar rikici da raha, ya ce wa matasa masu zafi, "Ku bi a hankali, mu ma garin kwaki muka sha muka fito," kowa ya yi dariya, a wuce lafiya. Wannan ya sa kansa a cikin wahalar, bai tsaya a kanta ba.

Sai dai raha tana sauka ne a kan kunnen da ke da tarihi. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta 1 zuwa 10 ga Agusta 2024, wadda aka yi a Katsina da Daura har aka sa dokar hana fita a jihar, ƙungiyar Amnesty ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a jihohi shida, ciki har da tamu. Rundunar 'yan sanda ta musanta rahoton. Ranar 1 ga Nuwamba na shekarar aka gurfanar da yara ƙanana a babbar kotun tarayya da ke Abuja bayan kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, sai rundunar ta ce shiri ne aka yi don jawo hankali. Kwana uku bayan haka Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Duk uwar da ta ga haƙarƙarin yaran nan a waya sannan ta ji an ce wasan kwaikwayo ne, ta san abin da ta ji a zuciyarta. A irin wannan ƙasa, in mai kaki ya kira barkonon tsohuwa turare, da wuya a samu wanda zai ji shi a matsayin raha in ban da abokan aikinsa.

Yanzu tambayarka ta biyu. A doka, sukar 'yan sanda da yi musu shaguɓe ko zambo ba laifi ba ne. Tun 1983, a shari'ar Arthur Nwankwo da ya rubuta littafi yana sukar gwamnan tsohuwar jihar Anambra Jim Nwobodo, kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar cin amanar gwamnati da baki, wadda Turawan mulkin mallaka suka bari, ba ta da gurbi a ƙasa mai tsarin mulki. Sashe na 24 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 shi ne aka fi kama mutane da shi, saboda ya haramta saƙon da zai ɓata wa wani rai ko ya ci masa fuska, kalmomin da kowa zai iya ja yadda ya ga dama. Kotun ECOWAS ta ce a 2020 sashen ya tauye haƙƙi, kuma a farkon 2024 aka yi masa gyara aka cire waɗannan kalmomi. Abin da ya rage ya fi karkata ga batsa, da ƙaryar da mutum ya san ƙarya ce ya yaɗa don ta da hargitsi ko jefa rai cikin haɗari, da kuma barazana.

Amma ba zan yaudare ka ba, abin da ke takarda daban, abin da ke faruwa daban. A 2022 an ɗauke wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda rubutu ɗaya da ya yi a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, ya yi kwanaki a tsare kafin a janye ƙarar. A shekarar dai wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu bulala ashirin-ashirin da tara kan bidiyon barkwanci da suka yi a kan gwamna. Ɓata suna har yanzu laifi ne a dokar Final Kod ta Arewa. Saboda haka in za ka yi, ka soki aikin, ka yi wa ɗabi'ar dariya, amma kada ka kama sunan wani jami'i ka ce ya karɓi cin hanci ko ya yi kisa alhali ba ka da shaida a hannu. Kada ka sa hoton gidansa ko iyalinsa. Kada ka rubuta abin da za a karanta a matsayin "a far musu". Kada kuma ka sa kakin 'yan sanda don yin wasan barkwanci, domin a 2022 Sufeto Janar Usman Alƙali Baba ya ba da umarnin kama masu yin haka ba da izini ba, kuma dama akwai doka a kan sa kaki. In duk da haka aka kama ka, kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, ka nemi lauya, ka kuma sani sashe na 35 ya ce a kai ka kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, wanda a Daura da Katsina akwai. Doka ta hana a kama babanka ko yayanka a madadinka.

Maganar ladabi da kawu ya yi, ina tare da shi fiye da yadda kake zato. Ina ganin abin da wasu yaranmu ke rubutawa, ashar tsagwaronta, zagin uwa da uba, ga mutumin da ya haife su a shekaru. Wannan abin kunya ne, kuma yana zubar da darajar kukan da suka fito yi. Wanda ya jefi ɗan sanda da dutse ko ya fasa shagon wani talaka, ya fita daga inuwar sashe na 40 da ya ba shi 'yancin taro, ba ni da abin da zan kare shi da shi sai neman sassauci. Allah Ya ce a Suratul Hujurati, aya ta 11, kada wasu mutane su yi wa wasu izgili, wataƙila waɗanda ake yi wa sun fi su alheri. Ayar ba ta ware mai kaki ba, ba ta ware mai kwali a hannu ba. Kuma a Suratun Nisa'i, aya ta 148, Ya ce ba Ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Ke nan an bar wa wanda aka cuta ƙofar ɗaga murya.

Inda na rabu da kawu shi ne wa zai koyar da ladabin, kuma da me. Aikin uwa ne da uba da malami da kawu irinsa. In aka miƙa shi ga ankwa, mun san inda yake ƙarewa, domin mun taɓa gani. A nan Katsina, Sarki Usman Nagogo kafin ya hau gadon sarauta a 1944 ya riƙe shugabancin 'yan doka, an ɗora ɗan sarki a kan aikin don a ɗaga darajarsa a idon jama'a. Amma 'yan dokan En'e ɗin nan ne kuma, a faɗin Arewa, aka riƙa turawa su kamo 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU a shekarun 1950 da 1960, sau da yawa a kan zargin zagi ko raina manya ko taro ba izini. Mahaifina ya yi aikin a ƙarshen wancan zamani, kuma har ya tsufa in aka ta da zancen sai ya yi shiru ya ce Allah Ya yafe musu. Mutanen da aka ɗaure a lokacin da sunan rashin kunya, su ne yau ake sa wa tituna da makarantu sunayensu. Ka zauna da kawu ka tambaye shi abin da ya ji daga iyayensa game da wannan zamani, a hankali, bayan kun ci abinci. Na tabbata yana da labari.

Shi kuma jami'in nan, in kana so ka bi kadi, hanya a buɗe take. Rubuta takardar ƙorafi zuwa ga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, ka faɗi rana da lokaci da wurin, da sunan da ke ƙirjin rigarsa in ka gani, da lambar motar, da ainihin kalmomin da ya faɗa ba ƙari, ka kuma ambaci cewa ya ɗaga gwangwanin yana faɗa. Ka sa sunayen mutum biyu da suka ji, bayan ka nemi yardarsu. In akwai bidiyo ka ajiye na asali, kada ka yanka shi ko ka ɗora masa kiɗa, kuma rundunar da kanta ta faɗa ta bakin kakakinta cewa ɗaukar jami'i a bakin aiki ba laifi ba ne. Ka aika kwafi ga sashen karɓar ƙorafi na rundunar, da Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, da ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke nan Katsina. Kada ka tafi kai kaɗai ranar miƙawa, ka tafi da wani babba, kuma kada ka baro wurin sai an buga maka hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za ka riƙe.